Kwano na Huɗu

A gidanmu na Garwa harsuna uku muke da su, kowane da inda ake amfani da shi. Faransanci na makaranta ne da ofis. Fulatanci na kasuwa ne da maƙwabta da duk wanda ya yi sallama daga waje. Hausa kuwa ta cikin gida ce, kakanmu ya taho da ita daga Kano tare da jakunansa, da ita ake yi maka faɗa, da ita kuma ake kiranka cin abinci. Na fara da wannan ne don a gane abin da ya same ni ranar da na dawo gida bayan shekaru masu yawa, yayata ta ɗago kai daga kan tabarmarta ta ce mini, “Jabbama.” Maraba ke nan da Fulatanci, irin wadda ake yi wa baƙo.

Yaya ita ta rene ni. Inna ta rasu ina ɗan shekara shida, ita kuwa tana budurwa, sai ta ɗauke ni kamar ita ta haifa. Mijinta, Alhaji, ɗan wan babanmu ne, don haka aure bai fitar da ita daga gidan ba, sashe kawai ta sauya. Ni ne na fita. Na tafi Duwala neman aiki a tashar jiragen ruwa, na yi aure a can, na yi tumbi a can, zuwa gida ya koma sai an yi rasuwa, daga baya ma ya koma gaisuwa ta waya.

Alhaji ne ya kira ni a tsakiyar bazarar nan. Ya ce ƙafafunta sun kumbura, likita ya ce zuciya ce. Ya ƙara da cewa, “Ba ita ta ce ka zo ba, ni ne na ce.” Na san shi, mutum ne da ba ya ɓarnar magana. Na hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga can na shiga mota, amma kafin in baro Duwala sai da na kama ɗaki a babban otal ɗin nan na kan tudu, wanda ake hango kogin Binuwai daga tagoginsa na sama.

Dalilai kam na tanade su tuli. Zafin Garwa kafin saukar ruwa ba abin wasa ba ne, ga hawan jini ina fama da shi, ga gida cike da jikoki, ga mara lafiya da bai kamata a ɗora mata hidimar baƙo ba. Haka na jera wa matata, ta saurara, ta ce Allah ya kiyaye hanya. Akwai kuma wani dalilin da ban faɗa mata ba. Muna yara, in Yaya za ta bakin kogi sayen kifi, ta gefen otal ɗin muke bi. Nakan riƙe ƙarafan shingen ina leƙen fitilu da Turawan da ke wanka a wani tafki mai ruwa shuɗi, har sai ta fizge ni. Wata rana na ce mata in na girma a nan zan kwana. Ta ce, “To in ka kwana a nan, wa zai tashe ka salla?” Shekara arba'in da wani abu maganar tana raina, ina son ta ji cewa na kwana.

Abin da na tarar ya isa ya koya wa mai hankali darasi, ni dai ban ɗauka ba. An gina otal ɗin ne zamanin da garin ke tashe, lokacin da jiragen ruwa ke hawowa da damina suna kwasar auduga da gyaɗa. Girman yana nan, ƙofar gilashi mai faɗi, dakalin marmara, fitilar rufi mai rassa wadda ƙwai biyu kaɗai ke kamawa a cikinta. Tafkin nan da na yi ta mafarki ya bushe, ganyen darbejiya ya cika ƙasansa, ƙadangaru na shan rana a kan tsaninsa. A bangon falo an jera agogo biyar, kowane da sunan wani babban birnin duniya a ƙarƙashinsa, kuma duk sun tsaya, har da na Garwa. Dardumar ƙasa ja ce a gefe-gefe, a tsakiya inda ake takawa ta koma launin ƙasa, tana kuma tashin wari irin na rigar da aka ninke ba ta bushe ba.

Mai karɓar baƙi dattijo ne siriri, sanye da baƙar kwat da ta koɗe a gwiwar hannu. Kirista ne daga duwatsun bayan Gider, daga baya ya gaya mini, kuma a kasuwa ya koyi Hausa, shi ya sa Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa “ya” ne a bakinsa. Yana kirana mushe, wato yallaɓai da Faransanci, ni kuwa kunnen Bahaushe gare ni, duk sanda ya faɗa mushen akuya nake tunawa. Ya miƙo mini takardar da baƙi ke cikewa. Na rubuta inda aka haife ni, Garwa. Na rubuta inda nake zaune, Duwala. Ya gyara tabarau ya karanta a hankali.

“A nan aka haife ka, mushe?”

Na ce a nan.

“Gida ya rushe ne?”

Na ce gida yana nan lafiya lau. Ya ba ni makulli mai ɗaure da dunƙulen tagulla, ya nuna mini matakala, domin na'urar hawa bene ta lalace tun tuni, takardar da aka manna mata ta ba da haƙuri ma ta yi jawur don tsufa. Hawa na uku aka ba ni. Banɗakin yana da famfo mai ruwan zinariya, ga kuma bokitin roba cike da ruwa a gefensa, wanda shi ne ainihin famfon. Na'urar sanyaya ɗaki, da muke kira kilim, tana aiki, sai dai tana tari kafin ta tashi. Na kwanta a ƙaton gadon na ce wa kaina ai ga shi na kwana.

Da la'asar na je gida. An share ƙofar gida an yayyafa ruwa, ƙanshin turaren wuta da na soyayyen kaji ya tarye ni tun daga zaure. Alhaji ya fito ya riƙe hannuna da hannu biyu, sannan ya leƙa bayana.

“Ina kayanka, Auta?”

“Suna otal, Alhaji.”

Ya ce, “To.” Zauren namu ba shi da nisa da rumfar Yaya, kuma ciwon bai taɓa kunnenta ba. Na shiga na same ta zaune, an tokare mata ƙafafu da matashi, sun yi suntum har fatar tana sheƙi. Fuskarta kuwa ta zube. Na durƙusa zan gaishe ta, ta riga ni da jabbama ɗin nan. Daga nan ta ɗauki gaisuwa tiryan-tiryan da Fulatanci, ya hanya, ya gajiya, ya mutanen gidanka. Ina amsawa da Hausa, tana ci gaba da Fulatanci, cikin ladabi da fara'a, har da sawa a kawo wa baƙo ruwa a kofin gilashi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba wai ban san laifina ba ne. A bakin mutanenmu otal wurin giya ne da sheƙe aya, kuma ɗan gari da ya sauka a can tamkar ya hau mota da lasifika ne yana shelar ba shi da kowa. Na san da haka sarai, na dai ce wa kaina zamani ya sauya. Da zan fita, Alhaji ya nuna mini ƙofar ɗakina na samartaka, na ga an yi mata sabon shuɗin fenti. Ya ce, “An taɓa ɗakin naka kaɗan.” Na ce madalla, na shiga tambayarsa kasuwar albasa.

Washegari da tsakar rana dattijon ya hawo har sama yana haki, tunda wayar ɗakin ma ta mutu, ya ce, “Yaya naka ya aiko abinci.” Na sauko na tarar da Alhaji tsaye a tsakiyar falo, bai yarda ya zauna a kujerun fatar nan ba, tsohon babur ɗinsa yana jingine a waje. Ɗaurin da ke hannunsa na gane shi tun kafin a kwance. Kwanon langa ne daga cikin jeren Inna, fari mai jajayen furanni, bakinsa ya ɓantare ya yi baƙi a wurare biyu. Yaya ba ta taɓa barin kwanonin nan su fita daga ɗakinta, ko da biki ake yi. Tuwon dawa ne da miyar yakuwa da giwan ruwa.

“Ta ce a kawo wa baƙo,” in ji Alhaji, yana kallon agogunan bango.

Na haye da shi sama na cinye tas, ina zaune a bakin gado. Shekaru rabona da wannan miyar, tsaminta daidai, ba wanda ya iya ta haka sai Yaya. A ƙasa kuwa akwai ɗakin cin abinci mai tebur kusan arba'in, kowane da farin ƙyalle da cokula a jere, inda na karya kumallo ni kaɗai da busasshen burodi, ƙarar cokalina na dawo mini daga bango.

A rana ta biyu wani kwanon ya zo, ɗan'uwan na farko. Na sauko da na jiya zan ba Alhaji, ya mayar da hannunsa baya. Ya ce, “Ta ce ba ni aka ba aronsu ba. Wanda ya ci shi zai kawo su da ƙafarsa.” Na gane nufinta. So take in kawo kwanonin tare da jakata. Raina ya ɗan ɓaci, domin ni ma jinin gidan ne, ba na son a ja ni da igiya. Kuma, in faɗi gaskiya, kunya nake ji in ratsa falon marmara riƙe da kwanon tuwo, falon da ba kowa a cikinsa sai tsoho ɗaya da ƙudaje.

Da yammacin ranar na daɗe a gefenta. A nan na lura da yadda take numfashi. Takan fara magana, ta tsaya a tsakiya ta nemi iska, sannan ta ƙarasa, kuma duk tsayawar da ta yi sai na ji nawa numfashin ya tsaya. Aka kawo mini kunun gyaɗa, na ce na ƙoshi. Sai ta manta. Ta ce, “Kai Auta, sha mana, dubi wuyanka,” da Hausa, da muryar nan da ta tashe ni salla shekara da shekaru. Matan da ke tsakar gida suka ƙyalƙyale da dariya. Ta tsuke baki, ta gyara mayafi, ta koma Fulatancinta. Na shanye kunun.

Ana kiran magariba na miƙe. Yanzu da ba wanda zan yi wa ƙarya, zan faɗi dalilin da ya fi duk sauran. Tsoro nake ji. Ina tsoron in kwana a gidan in riƙa jin numfashin nan ta cikin bango, ina tsoron in ga ana ɗaga ta ana kwantarwa, matar da ta goya ni har kasuwa ta dawo. A otal ina rufe ƙofa, kilim na gunji, sai in iya ɗauka cewa Yaya tana nan yadda na bar ta. Wannan nake biya a otal ɗin, sanyin ɗaki ƙari ne kawai.

A rana ta uku kilim ta fara ɗiga. Na farka na tarar dardumar da ke ƙarƙashinta ta jiƙe sharkaf. Na sauka na yi wa dattijon ƙorafi, ya ce mai gyara ya tafi Tuboro biki, sai wani mako. Bokitin banɗaki cike yake da ruwan wankana. Na duba ɗakin, idona ya faɗa kan kwanonin nan biyu a kan tebur. Ban yi tunanin komai ba, wallahi, abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Na ɗauki ɗaya na tara a ƙarƙashin kilim, na ji ɗigon yana sauka a ciki, har na yaba wa kaina dabara.

Da rana ina wanka Alhaji ya iso. Da ya ga ban sauko ba, sai ya hawo da kansa, hawa uku, da gwiwoyinsa na ɗan shekara saba'in. Na buɗe masa ƙofa da tawul a wuya. Ya yi sallama ya shigo, ya ajiye kwano na uku a kan tebur, sai ƙarar ɗigon ta ja idonsa. Ya tsaya yana kallo. Sannan ya dafa bango ya sunkuya a hankali, ya ɗauke kwanon Inna, ya kai banɗaki ya zubar da ruwan, ya goge shi ciki da waje da hannun babbar rigarsa, ya jera shi kusa da 'yan'uwansa.

“Zafi kam akwai shi bana,” ya ce. Ya yi mini sai anjima ya fita.

Ranar ban je gida ba. Na aika saƙo ta waya cewa kaina na ciwo. Na zauna a bakin taga ina kallon Binuwai da ya janye ya bar yashi fari fat, mata na wanki a ɗan abin da ya saura, ruwan kilim kuma na sauka a kan darduma abinsa.

Rana ta huɗu na shirya tun hantsi na tsaya a taga ina duban ƙofar shiga. Sha biyu ta yi, ba babur. Da rabi ta yi, ba babur. Sai na fara lissafi irin na mai laifi. A al'adarmu haƙƙin baƙo kwana uku ne, an ciyar da ni kwana uku cif, an fita haƙƙina ke nan. Kuma lallai Alhaji ya gaya mata inda ya ga kwanon Inna. Kunya ta rufe ni, daga kunyar kuma sai fushi, domin haka halina yake, in na rasa yadda zan kare kaina sai in nemi wanda zan yi fushi da shi. Na ce ni da na baro aikina na ƙetaro ƙasar nan tun daga bakin teku, ni za a hora da yunwa kamar yaro? Wayata ta yi ƙara a kan gado. Alhaji ne. Na tsaya ina kallonta har ta katse.

Na sauka falo na zauna a ƙarƙashin matattun agogunan. Dattijon yana goge makullan ɗakunan da ba kowa a cikinsu, ɗaya bayan ɗaya.

“Yau abinci bai zo ba,” ya ce.

Na ce na lura.

Ya ce shi in ya je ƙauyensu da Kirsimeti, a kan gadon kara yake kwana a ɗakin wansa, awaki na motsi a gefe, bayansa ya yi ta ciwo har mako guda bayan ya dawo. Ya ce wata shekara ya tafi da katifa a saman mota, wan nasa bai yi masa magana ba har ya taho. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Sai ya ajiye tsumman ya dube ni ta saman tabarau.

“Shekara talatin ina ba mutane makulli, mushe. Ɗan gari ba ya karɓa sai in ya zo ɓoye wani abu. Kai me ka zo ɓoyewa?”

Na ce masa ya kama aikin da aka ɗauke shi. Ya ce to, ya ci gaba da gugar makullansa. Amma ina hawa matakala maganar na bina, kafin in kai hawa na uku na yanke shawara. Na wanke kwanonin uku da 'yar ƙaramar sabulun otal, na haɗa jakata, na ce yau a gida zan kwana, ko da Larabci za ta yi mini maraba.

Da a lokacin na tafi kai tsaye, da wannan labarin bai zama abin rubutawa ba. Amma a wurinmu ba a mayar da kwano wayam, sai an saka wani abu a ciki, ko goro ne ko sabulu. Ni kuma da laifi biyu a wuya, na ga ba goro kaɗai zai wanke ni ba. Wutar da aka ɗauke tun safe ta dawo a lokacin, na jona wayar a caji na bar ta a ɗaki. Na ce don batirinta ya yi ƙasa ne, alhali ba na son in sake jin ƙararta sai na isa da hannuna cike.

Na shiga babbar kasuwa da azahar. Na sayi goro fari manya, da dabino, da sabulu mai ƙanshi, da turaren da take so. Sannan na tsaya wurin mai atamfa. Ya ga takalmina da agogona ya yi mini kuɗin baƙi da Faransanci, ni kuwa na ce yau sai ya san ɗan gari ne. Na juye zuwa Fulatanci, na ambaci unguwarmu, na ambaci rumfar da kakanmu ya zauna, na yi kamar zan tafi ya kira ni, na dawo, na sake tafiya. Na fi rabin awa a kan turmi ɗaya, ina jin daɗin kaina. Na yi la'asar a masallacin kasuwa, na tsaya na sha lemo mai sanyi, sannan na hau babur ɗin haya na koma otal ɗaukar kaya.

Ina turo ƙofar gilashi dattijon ya fito daga bayan kantarsa. Kwana huɗu ban taɓa ganinsa ya cire tabarau ba, sai ranar. Bai ce mini mushe ba.

“Ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Yaya naka ya rasu.”

Allah ya yafe mini abin da ya zo zuciyata. Na tuna Hausarsa ba ta raba mace da namiji, Alhaji ma ai yayana ne, ga tsufa, ga matakalar da ya hau jiya. Na tsaya riƙe da ledar atamfa, tsawon numfashi ɗaya, ina fatan mutumin da ya goge kwanon uwata da rigarsa shi ne ya mutu.

“Alhaji ya zo sau biyu,” in ji dattijon. “Ya hau sama da kansa ya buga ƙofa.”

Da zafi irin na Garwa ba a jinkirta gawa. Sanda babur ya sauke ni a ƙofar gida, maza na dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu fari da ƙasa, ana zuba musu ruwa a buta suna wanke hannu. Na sauka da jakata a kafaɗa, da kwanoni uku ɗaure a hannu, cike da goro da sabulu. Mutane suka buɗa mini hanya. Wasu sun gane ni, wasu na tambayar na kusa da su ko wane ne. Alhaji ya taso daga kan tabarma ya rungume ni, shi ya fara yi mini ta'aziyya. Ya ce bayan azahar kaɗan ne, tana zaune, ta ce a gyara mata matashi, kafin a gyara ta tafi. Bai tambaye ni inda na shiga ba, har yau kuma bai tambaya ba.

Bayan magariba ya kama hannuna ya kai ni ƙofar nan mai shuɗin fenti. An shafe ɗakin da farar ƙasa. Ga sabuwar katifa, ga gidan sauro, ga darduma ta salla a ninke. A kusurwa ga fanka ta tsaye, ledarta ma ba a gama cirewa ba, an haɗa ta da batirin hasken rana saboda ɗaukewar wuta. Alhaji ya ce tun ranar da ya gaya mata ina tafe ta aika a sayo, ta ce Auta ya saba da sanyin bakin teku, kada zafi ya hana shi barci. A ƙasa kusa da katifar akwai kwano na huɗu, fari mai jajayen furanni, an rufe shi da faifai.

Na ce, “Alhaji, ka gaya mata?”

“Me fa?”

“Kwanon. Abin da ka gani jiya.”

“Ban gaya mata ba. Me zan gaya mata?” Ya zauna a bakin katifar yana murza gwiwa. “Yau da safe ta sa aka zaunar da ita a bakin murhu, ita ta kaɗa miyar da hannunta, an hana ta ta ƙi. Da aka zuba na ɗauko makullin babur, ta ce in ajiye. Ta ce yau kada a kai masa, a sa masa a ɗakinsa, in yunwa ta kama shi ya san hanyar gida. Da ta ga shiru ta ce in kira ka.”

“Ta ce ka ce me?”

“Ta ce in ce maka, in ji ta, Auta, abinci na hucewa.”

Ya tashi ya kunna mini fankar, ya ja ƙofa ya fita. Na zauna a ƙasa na ɗaga faifan. Tuwon ya sandare, miyar ta fara juyawa saboda zafin wunin, tsaminta ya wuce na yakuwa. Ta zaɓo mini tsakiyar kifin, inda ba ƙaya, kamar yadda take yi tun ina yaro. Na wanke hannu na yi bisimilla na ci. Ina ci ina kuka, ban bar ko loma ba.

Da na gama na fita bakin rijiya na wanke kwanon da kaina. Na ɗebo goro daga cikin wanda na sayo na zuba a ciki, domin ba a mayar da kwano wayam. Na nufi rumfarta. Mata na zaune cike da wurin, an naɗe tabarmarta an jingine da bango. Suka ɗago suna dubana, ni kuma na tsaya a tsakar gida riƙe da kwanon, ban san wa zan miƙa wa ba.